Ƙarfe a Kwankwason Manomin Citta: Ƙira, Kayan Haɗi da Ƙarkon Gaɓar da Ake Dasawa

Tsakure

Maƙalar nan tana duba abin da ke sa gaɓar kwankwaso da likita ya dasa ta yi ƙarko ko ta lalace da wuri, ta hanyar bin tarihin ƙirarta da kayan da ake yin ta da su. Matsayarta ita ce alƙaluman ƙarko da ake kawowa daga Turai an tattara yawancinsu ne daga jikin tsofaffi, alhali a Nijeriya mai neman wannan tiyata kan kasance matashi mai amosanin jini ko wanda haɗarin hanya ya raunata. Don haka zaɓin kaya ya fi nauyi a Kagoma da kewayen Kafanchan fiye da inda aka ƙera su.

Gabatarwa

Wanda ya taɓa ganin haƙar citta a ƙasar Gwong, wadda aka fi sani da Kagoma, ya san aikin da kwankwaso ke yi. Tun da safe mutum yana duƙe, ya sara, ya ɗago, ya tsuguna ya kakkaɓe ƙasa. Da yamma a cika buhu, a ɗora a babur, a kama hanyar Kafanchan ko ta Kwoi. Duk nauyin nan ta gaɓa guda yake bi a kowane ɓangare, inda kan ƙashin cinya mai kama da ƙwallo ya shige cikin ƙoƙon ƙugu.

An auna wannan nauyi. Masu bincike a Balin ta Jamus, ƙarƙashin Georg Bergmann, sun dasa wa marasa lafiya gaɓoɓi masu na'urar awo a ciki, suka ga cewa a tafiya ta yau da kullum gaɓar tana ɗaukar kusan ninki biyu da rabi na nauyin jiki, idan kuwa aka yi tuntuɓe abin yakan kai ninki takwas. Mai kilo 60 ke nan yana sauke wa gaɓarsa kilo 150 a kowane taku, kafin ma ya ɗauki buhu. Takun kuma yakan haura miliyan a shekara.

Idan gaɓar ta mutu, likita yakan yanke kan ƙashin, ya kafa turken ƙarfe a cikin ramin ƙashin cinya, ya ɗora masa sabuwar ƙwallo, ya sa sabon ƙoƙo a ƙugu. A gari cewa ake yi an sa wa wane ƙarfe. Tambayar da iyali ke fara yi kuwa ba ta canzawa: shekara nawa ƙarfen zai yi?

Amsa mafi ƙarfi da ake da ita ta fito a mujallar Lancet a 2019, daga masu bincike na Jami'ar Bristol. Sun samu cewa kashi 89 cikin ɗari na irin waɗannan gaɓoɓi suna nan bayan shekara 15, kashi 70 bayan shekara 20, kashi 58 bayan shekara 25. Ga dattijo ɗan saba'in wannan albishir ne. Ga ɗan shekara 25 daga Fadan Kagoma kuwa, lissafin yana nufin kafin ya cika hamsin akwai yiwuwar ya koma kan gadon tiyata, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya, ya fi shi tsada, ya fi shi zubar da jini.

Darasin da Charnley ya biya da tsada

An daɗe ana laluben kayan da jiki zai karɓa. Themistocles Gluck ya gwada hauren giwa a Jamus a ƙarshen ƙarni na 19. Philip Wiles ya yi amfani da ƙarfe marar tsatsa a Landan a 1938. A ƙasar Bama ma likita San Baw ya dasa wa mutane ɗaruruwan kawunan ƙashi na hauren giwa tun daga 1960. Amma gaɓar da duniya ke amfani da ita yau 'yar John Charnley ce, likitan asibitin Wrightington da ke arewacin Ingila.

Charnley ya fahimci cewa gogayya ce abokiyar gaba. Sai ya nemi abu mafi santsi da aka sani a zamaninsa, wato Teflon, irin wanda ake shafe cikin kaskon suya da shi, ya yi ƙoƙo da shi. Da farko kamar an yi nasara: ciwo ya tafi, guragu sun miƙe. Cikin 'yan shekaru kaɗan ƙoƙunan suka sude, garin da suka zubar ya tayar da kumburi, ƙashi ya zagwanye. Mutane kusan 300 aka yi wa wannan aiki, dole ya bi su yana cirewa. Har tsaga fatar cinyarsa ya yi ya cusa garin Teflon ɗin don ya ga yadda jiki ke faɗa da shi.

A Nuwamba 1962 ya dasa ƙoƙon farko na wata roba mai tauri, foli'etilin, wadda ma'aikacin ɗakin gwajinsa Harry Craven ya jarraba ya ga ta fi Teflon juriya nesa ba kusa ba. Ya haɗa ta da ƙaramar ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 22, ya kafe turken da wani siminti da ya aro daga likitocin haƙori. Wasu daga cikin gaɓoɓin nan sun haura shekara 30 a jikin masu su. Abin lura a nan shi ne, a gaɓar da ta kasa da wadda ta yi nasara, likitan ɗaya ne, hannun ɗaya ne. Kayan ƙoƙo kaɗai aka sauya.

Ƙurar da ke cin ƙashi

Duk matar da ta yi niƙa a dutse ta san ba hatsi kaɗai ke zama gari ba, dutsen ma yana sudewa. Haka gaɓar roba take. Tsohuwar foli'etilin takan sude da kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita a shekara. A ido wannan ba komai ba ne. A cikin jiki kuwa biliyoyin ƙananan ɓarɓashi ne, waɗanda ƙwayoyin garkuwar jiki ke ɗauka a matsayin baƙi. Sukan haɗiye su, su kasa narkar da su, sai su saki sinadaran da ke tayar da ƙwayoyin da aikinsu rushe ƙashi ne. A hankali ƙashin da ke riƙe da ƙarfen ya zama rami, turke ya fara girgiɗi.

An ɗauki shekaru ana ɗora wa siminti wannan laifi, har aka sa wa abin suna cutar siminti. Sai da aka ga ramukan nan a gaɓoɓin da babu siminti ko kaɗan a cikinsu, sannan aka gane ɓarɓashin roba ne. An kuma gano cewa yadda ake kashe ƙwayoyin cuta a jikin robar, wato haska ta da hasken gama tana cikin iska, yana sa ta tsufa tun tana cikin kwali.

Gyaran ya zo a ƙarshen shekarun 1990. Aka riƙa haska robar da haske mai ƙarfi don zarurrukanta su sarƙe da juna kamar saƙar tabarma, sannan a dumama ta, daga baya ma aka fara zuba mata bitamin E don kare ta daga tsufa. Rijistar gaɓoɓi ta Ostireliya ta nuna a 2018 cewa bayan shekara 16, kashi 11.7 cikin ɗari na masu tsohuwar roba sun koma tiyata, masu sarƙaƙƙiyar roba kuwa kashi 6.2. A ganin mai wannan maƙala, babu wani canji a shekaru talatin ɗin nan da ya kai wannan amfani ga matashi. Abin da ke da haɗari shi ne robar biyu kamarsu ɗaya a ido, farare ne sumul, sai dai tsohuwar ta fi araha. Iyalin da suka sayar da citta da awaki suka haɗa kuɗin tiyata ba za su iya bambance su ba sai an gaya musu.

Sai tangaran. Pierre Boutin ya fara dasa gaɓar tangaran a garin Pau na Faransa a 1970. Tangaran ya fi ƙarfe tauri da santsi, ba ya karcewa da sauƙi, don haka ɓarɓashinsa kaɗan ne. Aibinsa shi ne na kowane tangaran: yana iya fashewa. Na farko-farko sun yi ta fashewa, kuma a 2001 an janye wasu ƙwallayen tangaran na zakoniya daga kasuwa saboda kuskuren gashi a masana'anta. Na yanzu sun fi ƙarfi sosai. Duk da haka, idan ƙwallo da ƙoƙo duka tangaran ne, wasu kan yi ƙara idan ana tafiya, kuma bakin ƙoƙon kan sha wuya idan an tsuguna har ƙasa. Shi ya sa likitoci da yawa suka karkata ga ƙwallon tangaran a cikin ƙoƙon sarƙaƙƙiyar roba idan majinyacin matashi ne.

Turke da ƙotar gatari

Labarin da ya fi nuna ƙarfin ƙira shi ne na turken Exeter, wanda likita Robin Ling da injiniya Clive Lee suka fitar a 1970. Turke ne mai sheƙi, mai tsukewa zuwa ƙasa. A 1976 aka daina goge shi, aka bar jikinsa da ɗan kaushi. Siffa ba ta canza sosai ba. Amma gaɓoɓin suka fara kwancewa fiye da da, har aka koma ga mai sheƙi a 1986.

Manomi zai fi kowa saurin gane dalilin. Wutsiyar gatari tana tsukewa ne, shi ya sa duk saran da aka yi sai ta ƙara nutsewa a ƙota ta ƙara kamawa. Turke mai sheƙi haka yake yi a cikin siminti: yana ɗan nutsewa, yana matse simintin, yana ƙara zama daram. Mai kaushi kuwa idan ya motsa sai ya zama magagari, ya riƙa kankare simintin yana zubar da gari. Bambancin sheƙi da kaushi kawai, shi ya raba shekaru.

Akwai kuma turakun da ba a sa musu siminti. Tushensu binciken Per-Ingvar Brånemark ne na ƙasar Suwidin, wanda ya lura a shekarun 1950 cewa ƙashi yana manne wa taitaniyam kamar ɗan'uwansa. Sai aka riƙa yin turke da taitaniyam, a yi masa ƙananan ramuka ko a shafe shi da sinadarin da ƙashi kansa ya ƙunsa, ƙashi ya tsiro ya kama shi. Turken Corail na Faransa, wanda ya fito a 1986, na wannan gida ne. Taitaniyam yana da wata fa'ida: taurinsa kusan rabin na haɗin kobal da kuromiyam ne. Turken da ya cika tauri yakan ɗauke wa ƙashi aikinsa, ƙashin da ba ya aiki kuma ramewa yake yi.

Girman ƙwallo ma ciniki ne. Ƙarama tana rage sudewar roba amma tana saurin gocewa daga ƙoƙo. Babba tana zama, tana ba da damar lanƙwasa ƙafa sosai, amma idan ta wuce kima takan wahalar da wuyan turke har ya fara zubar da tsatsa. Da zuwan sarƙaƙƙiyar roba, milimita 32 da 36 suka zama ruwan dare. A Saint-Étienne ta Faransa kuma Gilles Bousquet ya ƙirƙiro ƙoƙo mai motsi biyu a shekarun 1970, ƙwallo cikin ƙwallo, don maganin gocewa. Wannan ƙira ta cancanci likitocin Arewa su yi mata nazari na musamman, domin dalilin da zai zo a gaba.

Ƙarfe kan ƙarfe

Sau biyu a shekarun baya-bayan nan aka sayar wa jama'a sabuwar gaɓa kafin lokaci ya jarraba ta. Gaɓar Capital ta kamfanin 3M an dasa ta ga dubban mutane a Birtaniya daga 1991 zuwa 1997, hukuma ta yi gargaɗi a kanta a 1998. Da aka tashi neman waɗanda aka sa wa, sai aka ga babu kundi guda da ya tattara su. Wannan na cikin abin da ya haifar da rijistar gaɓoɓi ta Ingila da Wales a 2003. Suwidin tana da tata tun 1979.

Na biyu ya fi muni, kuma matasa aka nufa da shi. An ce tunda roba ce ke sudewa, a cire ta, a bar ƙarfe ya gogi ƙarfe. Gaɓar ASR ta kamfanin DePuy an dasa ta ga mutane kusan 93,000 a duniya. Ƙoƙonta bai yi zurfi sosai ba, sai nauyi ya riƙa sauka a bakinsa, garin kobal da kuromiyam ya shiga nama da jini, ya kashe tsokar da ke kewaye. A Agusta 2010 aka janye ta, bayan rijistar Ingila ta nuna kusan mutum ɗaya cikin takwas ya koma tiyata cikin shekara biyar. A Indiya, inda 'yan Nijeriya da yawa ke zuwa neman lafiya, mutane kusan 4,700 aka sa wa ita, kuma shekaru bayan janyewar ba a gano yawancinsu ba.

Jikin da za a sa wa ƙarfen

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar yara kusan 150,000 da amosanin jini, wato sikila, kowace shekara a Nijeriya, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a suna ɗauke da ƙwayar gadonsa. Jinin mai sikila yakan toshe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya. Ƙashin ya mutu, ya rufta, yarinya 'yar sakandare ko saurayi ɗan ashirin ya fara ɗingishi. Sai kuma waɗanda babur ya kayar, aka kai su wurin maɗori, karayar wuyan ƙashin cinya ta ƙi haɗuwa. Maɗori yana da gwanintarsa a wasu karayu, amma wannan karaya tana can cikin gaɓa, inda kara da tsumma ba sa kaiwa.

Ƙashin mai sikila ba irin wanda aka ƙera yawancin turaku dominsa ba ne. Raminsa kan tsuke, wani wuri ya yi tauri kamar dutse, wani wuri ya yi laushi, har abin huda ya iya fasa gefe. Asibitin da bai ajiye ƙananan turaku ba ya shiga tiyata da rabin shiri. Ga kuma saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta, waɗanda idan suka yi sheƙa a jikin ƙarfe magani ba ya cika cim musu, sai an cire ƙarfen. Philippe Hernigou, wanda ya yi wa masu sikila ɗaruruwan irin wannan tiyata a asibitin Henri Mondor kusa da Faris, ya nuna cewa ana samun sakamako mai kyau idan likitan ƙashi da likitan jini suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa, aka kula da jini da ruwan jiki da iskar shaƙa tun kafin a taɓa wuƙa.

Nan ne ya kamata a ambaci wata jaraba ta rashin kuɗi. Akwai rabin gaɓa irin ta Austin Moore, ƙwallo da turke a haɗe, ba tare da ƙoƙo ba. Tana da araha, tana da saurin sawa, kuma tana da amfani ga tsohuwar da ta faɗi ta karye, wadda tafiyarta ba ta wuce tsakar gida. Idan aka sa wa matashi, ƙwallon ƙarfen kan cinye guringuntsin ƙoƙonsa na halitta, ciwo ya dawo, aiki na biyu ya tarar da ƙashin da ya riga ya ragu. Bayan annobar da ta lalata citta a kudancin Kaduna a 2023, ba wanda zai ga laifin uban da ya tambayi mafi araha. Haƙƙin likita ne ya bayyana masa abin da arahar za ta jawo.

Sannan yanayin zama. Bature da aka sa wa gaɓa yana zama a kujera, yana amfani da masai mai tsayi. A Kagoma da Kafanchan ana tsugunawa a masai, ana zama a tabarma, ana girki a murhun ƙasa, Kirista ya durƙusa a coci, Musulmi ya yi sujada ya zauna tahiya. Tsuguno yana lanƙwasa kwankwaso fiye da duk abin da kujera ke nema, har wuyan turke ya iya dukan bakin ƙoƙo, ya gutsure shi ko ya ture ƙwallo waje. Ana iya gaya wa mutum ya daina tsuguno na wata uku. Gaya masa ya daina na shekara arba'in ba shawara ce da za a bi ba. Dole a shigar da tsugunon cikin lissafi tun ranar da ake zaɓen girman ƙwallo da kusurwar da za a kafa ƙoƙo, domin kaya mafi kyau ma idan aka kafa shi a karkace ba zai yi ƙarko ba.

Takardar da ke cikin kwali

Mai neman wannan tiyata daga Kagoma da kewayen Kafanchan yakan yi tafiya, zuwa Jos, ko Shika a Zariya, ko Abuja, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano wanda aka kafa a 1959, wani ma har Indiya. Ya dawo gida, ciwo ya tafi, shi ke nan. Ɓarɓashin roba kuwa yana cin ƙashi shekaru ba tare da ciwo ba. Hoton ƙashi ne kaɗai ke tona shi da wuri, lokacin da sauya robar kawai zai iya wadatarwa.

Malawi, wadda ba ta kai Nijeriya arziki ba, ta fara rijistar gaɓoɓinta a 2005. Charnley kansa ya riƙa bibiyar majinyatansa shekara da shekaru, har ya roƙi wasu su yarda a dawo masa da gaɓar bayan rasuwarsu don ya auna yadda ta sude. Abin da maƙalar nan ke nema bai kai haka ba. Kowane ɓangaren gaɓa yana zuwa a kwali da 'yan takardu masu manne, ɗauke da sunan kamfani, da girma, da irin kayan, da lambar rukunin da aka ƙera shi. A manna ɗaya a fayil ɗin asibiti, ɗaya a littafin ɗakin tiyata, ɗaya a katin da majinyaci zai tafi da shi gida. Ranar da aka janye wata gaɓa daga kasuwa, ko aka zo aiki na biyu ana neman ƙwallon da zai dace da tsohon turke, katin nan ne zai yi magana.

Bibiya kuma ba sai an koma Kano ba. Asibitin Kafanchan da aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, yana iya zama cibiyar da za a buɗe littafi guda ga duk wanda ke da gaɓar dashe a yankin, ko a ina aka sa masa. Ɗaliban kwalejin koyon jinya da ungozoma ta garin suna iya koyon tambayoyin da ake yi: ko ƙafa ta fara gajarta, ko cinya na ciwo idan an tashi tsaye, ko ana jin ƙara, ko tabon na tsattsafar ruwa. A ɗauki hoto, a tura wa likitan da ya yi aikin ta WhatsApp tare da hoton katin. Sai dai likitan ba zai iya cewa turke ya nutse ko ƙwallo ta ci cikin roba ba sai yana da abin kwatantawa, don haka hoton farko da aka ɗauka bayan tiyata a bai wa majinyaci kwafinsa kafin a sallame shi, da kwanan wata a rubuce a jiki.